Kafin Ki Ɗago Kai a Tikal

Kudai, Makka
Talata, bayan la'asar

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ke da maigidanki Munir, da fatan ɗaurin kaya bai gajiyar da ku ba. Allah Ya tsare ku daga ƙofar gidanku zuwa filin jirgin Jidda, Ya tsare ku a sama, Ya tsare ku a ƙasar da ba ku san kowa ba, Ya dawo mana da ku da ƙafafunku.

Za ki yi mamakin takarda daga mutumin da tsakanin gidansa da naki tafiyar minti goma sha biyu ce a mota, in babu cunkoso. Za ki ƙara mamaki da kika ga da Hausa na rubuta, alhali na san karatunta yana ba ki wuya. Da gangan na yi. Da Larabci ne, a tsaye za ki zarce ta, ki ce "ɗayyib, Abuya," ki cusa a jaka. Da Hausa kuwa dole ki nemi wuri ki zauna, ki bi ta kalma-kalma. Abin da zan faɗa ba na so a karanta shi da sauri, domin ni ma ban faɗe shi da sauƙi ba.

Ranar Asabar za ku tashi zuwa Meziko, inda wurin aikin Munir ya tura shi na wata shida. Ba na so ki hau jirgin nan da abin da na yi miki ranar Juma'a a cikin ranki.

Bari in maimaita shi yadda ya faru, don kada in rage wa kaina laifi. Muna zaune a kan ledar abinci, ni da ke da Ummanku da Munir da mahaifiyarsa. Kika ajiye cokali, kika dube ni ni kaɗai, kika ce in kun samu hutu a can za ku je kufan Tikal, tsohon birnin mutanen Maya da ke cikin kurmi. Kika ce, "Abuya, garin nan naka za mu je mu gano maka." Kin faɗa ne kina jiran in yi murna, kuma kina da hakki, tunda ke kika buga mini aikin kammala digirina a kan birnin nan shafi-shafi, har kika haddace sunayen da harshenki ba ya iya furtawa. Munir ya ƙara da cewa ai ba nisa, duk Meziko ne. Ni kuwa abin da ya fara fita daga bakina shi ne gyara: ba a Meziko yake ba, a Gwatemala yake, sai an ƙetare iyaka. Na gyara wa surukina magana a gaban uwarsa. Ban tsaya nan ba. Na tashi na ɗauko koren fayil ɗin nan nawa, na shiga fitar da hotuna ina ajiyewa a tsakanin kwanuka, ina faɗin tsayin wannan gini da shekarun wancan dutse. Ummanku ta ce minti arba'in na yi. Ni a lissafina talatin da biyar ne, amma na yarda shinkafa ta huce.

Da na numfasa sai kika ce, "To Abuya, me ya rage in gani?" Kika yi dariya, kowa ya taya ki. Ni na san dariyarki tun ba ki da haƙori, kuma waccan ba ita ba ce. Tun daga ranar ba ki kira ni ba. Gaisuwar Lahadi ma ta bakin Ummanku ta zo mini.

Bayan kun tafi tana kwashe kwanuka ta ce mini, "Sannu Malam mai digiri. Yarinya ta kawo maka kyauta, ka duba ka ba ta maki." Na ce ni tsoro nake ji mata, kurmi ne, akwai macizai. Ta ce macijin da ta gani yau a kan ledar abinci yake zaune, kuma tabarau gare shi. Na yi fushi na shige ɗaki. Kwana biyu ina neman hujjar da zan kayar da ita, ban samu ba.

Ƙyashi ne, Ummi. Ƙyashinki nake yi. Na rubuta na duba, ba kuskuren alƙalami ba ne.

Kin san shekara shida na yi ina karatun nan na yamma, ina tashi daga ofishin tsara motocin alhazai in wuce aji in zauna da sa'o'inki. Wata biyar ke nan da aka miƙa mini takardar shaida, ina da shekara hamsin da uku. Aikina duka a kan abu ɗaya ne: yadda mutanen Tikal suka rayu a birnin da babu kogi, suka haƙa manyan tafkuna suna tara ruwan sama su sha har damina ta zagayo. Abin da ya ja ni ke nan tun farko, mu da muka tashi a garin da shi ma ba shi da kogi. Na san inda kowane tafki yake a taswira. In kika rufe mini ido zan zana miki babban filin da gine-gine biyu masu tsini suke fuskantar juna. Amma ni ban taɓa ganin ruwan sama ya wuni yana zuba ba. Ban taɓa tsayawa a ƙarƙashin bishiyar da ta hana ni ganin rana ba. Sai ga ki, ke da kike hamma kina buga mini babi na uku, za ki je ki taka wurin da takalminki, don kawai hutu ya faɗo. Ban so a hana ki ba, Allah Ya sani. Amma na so, ko da kin je, ya zama ni na riga ki.

Tunda ba ni da guzurin da zan ba ki na tafiyar da ban taɓa yi ba, bari in ba ki kurakuraina. Su kam na san su sosai.

Ba wanda ya hana ni tafiya a duniyar nan. Kakanki ya zo daga ƙasar Sakkwato, ya zauna, ya samar mana takardu tun muna ƙanana, abin da maƙwabtanmu da yawa suka mutu ba su samu ba. Fasfona na uku ke nan, kuma duka ukun babu hatimi ko ɗaya a ciki. Ko ƙauyen kakanki ban je ba. Kowace shekara da dalilina: bana hanya ba kyau, bana akwai zazzaɓi, bana Ummanku ba ta jin daɗi. A shekararmu ta ƙarshe a jami'a aka shirya wa ajinmu ziyara zuwa Ula, mu ga gidajen da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Nan cikin ƙasarmu, ba biza, ba jirgi. Na shirya jaka tun da saura mako guda. Na isa wurin mota da safe kafin kowa. Da yake aikina ne, sai na zagaya motar kamar yadda na saba, na ga tayar baya ta hagu ta ɗan suɗe. Na nuna wa direba, ya ce za ta kai ta dawo. Na hau na zauna, na sauko na sake dubawa, na hau, na sauko. A karo na uku na ɗauki jakata na ce musu cikina ya murɗa. Sun je sun dawo lafiya, tayar ma lafiya. Kwana uku suna turo hotuna a wayata, ni kuma ina zaune ina gyara musu sunayen wuraren da suke tsaye a kai.

To ki ji. Ki yi shiri kamar 'yar Abuya, amma ki tafi kamar ba 'yarsa ba. Ki sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa, domin dutsen wurin in ya jiƙe santsi gare shi. Ki sa riga mai dogon hannu, ki shafa maganin sauro. Kada ki sha ruwan da ba ke kika buɗe murfinsa ba. Kada ki jingina da bishiyar da ba ki sani ba, akwai wadda ruwanta ke ƙona fata. Kada ki sa hannu a ramin da idonki bai ga ƙarshensa ba. Ki riƙa tambaya kafin ki ci wake ko wani abin da aka soya, sukan sa kitsen alade ba tare da sun ɗauka wani abu ne ba. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, amma ki tabbatar da wayarki. Muna gabanku da awa tara, kada ki bi lokacin sallarmu. In kika ji ruri daga saman itatuwa kamar na zaki, ba zaki ba ne, wani irin biri ne mai babban maƙogwaro. Kin ga, har yanzu ina yi. Na so in share wannan sakin layin, sai na ga na tsaro ne, na bar shi. In kin gama waɗannan, shi ke nan, ki rufe baki ki shiga mota. Kada ki zagaya ta. Kowace mota da suɗaɗɗiyar tayarta in mutum ya nace da dubawa.

Na biyu ya shafi gidan kakarki, wadda kika ci sunanta, a Nakkasa. Kina tuna shi, ko da kaɗan: can saman dutse, matakala ɗari da goma sha huɗu daga inda mota take tsayawa, ni na ƙirga. Da aka sa wa unguwar alamar rushewa muka dawo da ita nan Kudai, ta roƙe ni in kai ta ta sake ganin ɗakinta sau ɗaya. Na ce gwiwarta ba za ta ɗauki matakalar ba, a bari zafi ya ragu. Kafin zafi ya ragu an rushe. Bayan wani lokaci na hau ni kaɗai. Na gane wurin ne da shuɗin fentin bangon madafa, wanda rabinsa ya tsaya. Na tarar da wasu mutum biyu a tsaye a kan ɓaraguzan, ɗaya da na'urar hoto a wuya. Na ji yana ce wa ɗan'uwansa, abin mamaki, mutanen nan duk sun ɓace kamar ƙasa ta haɗiye su. Ina tsaye taku huɗu daga gare shi. Mahaifiyata tana raye a Kudai tana jan carbi. Maƙwabtanmu suna warwatse a unguwanni, kowa na san lambarsa. Ba mu ɓace ba, tashinmu aka yi. Raina ya ɓaci har na kasa yi musu sallama.

Ki ji inda laifina yake. Shekaru bayan haka, a rubutun farko na aikina, a shafi na biyu, da hannuna na rubuta cewa mutanen Maya sun ɓace, ba a san inda suka shiga ba. Ke kika buga jimlar, ba ki da laifi. Malamin da ke duba aikin ya zagaye ta da jan biro, ya rubuta a gefe cewa jikokinsu miliyoyi ne, suna nan a ƙasashen, suna noma masara, suna magana da harsunansu. Birnin aka bari, mutanen ba su ƙare ba. Na daɗe ina kallon jan biron nan. Maganar mai na'urar hoto ce na maimaita, kusan kalma da kalma.

Saboda haka in kin isa, ki fara da mutane kafin duwatsu. Mai yiwuwa ne jagoran da zai shige muku gaba, ko matar da ke sayar da abinci a bakin shiga, jinin waɗanda suka ɗora duwatsun ne. Ki gaishe su kamar kin shiga gidan mutane. Kada ki tsaya a kan abin da aka ce kada a taka. Kada ki ɗauko mini ko tsakuwa, haramun ne a dokarsu, kuma ni na san yadda mutum yake ji in baƙo ya tsinci abu a kufan gidansu ya sa aljihu. In jagoran ya faɗi shekara kika tuna a fayil ɗina ba haka take ba, ki yi shiru, ko da ya kauce da shekara ɗari. Wannan ita ce cutarmu mu 'yan Makka, ba mu iya baƙunta ba. Duniya ce take zuwa wurinmu, mu ne masu nuna hanya, mu ne masu cewa bi nan, tsaya can. Ba mu saba bin bayan kowa ba. Ki koyi bin baya na wuni ɗaya, ba zai rage ki da komai ba.

Na uku shi ne ainihin dalilin takardar nan, kuma ko Ummanku sai jiya ta ji shi.

Kafin in koma ofis, kin sani, shekaru na yi ina jagorancin alhazai a ƙarƙashin Baffa Idi, ƙanin kakanki. A Mina ni ke riƙe tutar tawaga, ina ƙirga kawuna a kowace kwana. Amma aikin da Baffa ya fi ɗauka da girma ba na Mina ba ne, na ranar farko ne, ranar da za a kai sababbin zuwa Harami. Yana da tsarinsa da ba ya sakewa. Tun daga ƙofa zai sa kowa ya sunkuyar da kai, ya dubi ƙafafunsa, ya dafa kafaɗar na gabansa. Jagora ne kaɗai ke kallon gaba. A haka za a ratsa da su ta cikin ginshiƙai, a sauka, har sai an kai inda babu abin da ya tare Ɗakin Allah. Sai a jera su, a bari numfashinsu ya daidaita, sannan jagora ya ce, "Ku ɗago." Mutanenmu suna riƙe da cewa addu'ar ganin farko karɓaɓɓiya ce. Malamai sun yi magana a kan ingancin wannan, ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne abin da idona ya gani sau ɗaruruwa: ƙatti masu gemu suna durƙushewa, tsofaffi suna kuka kamar an mayar da su goyo.

Ni kuwa ina tsaye a gefe da tuta, ina duba agogo. Ban taɓa jin abin da suke ji ba. A goye aka fara kai ni. Ba ni da ranar farko.

Wata shekara aka ba ni tawaga daga Nijar, a cikinsu da wani dattijo manomi daga wajen Tawa, ana ce masa Baba Mainasara. Siriri ne, haƙoransa na gaba biyu babu. A mota ya zauna kusa da ni, bakinsa bai rufu ba tun daga masauki. Ya gaya mini tun yana saurayi yake jiran ranar nan, kuma ya tanadi addu'a guda ɗaya tak da zai yi in ya ɗago, ko matarsa bai gaya wa ba. Yana faɗa yana dafa ƙirji kamar a aljihu take. Sai ya juyo ya tambaye ni, da zuciya ɗaya, ni da aka haifa a nan, yaya na ji ranar da na fara ganinta. Na ce ban tuna ba. Ya ce, "Ayya, yaro. Ashe mun fi ka rabo." Mutanen motar suka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, tausayina ya ji. Tausayin ne ya ƙone ni.

Muka shiga, kowa kai a ƙasa, shi ne na farko a layi, hannunsa a kafaɗata. Da saura tafiya mai ɗan dama, akwai wani wuri da ake hango gefen baƙin kyallen ta tsakanin ginshiƙai biyu, sama da kawunan mutane, ɗan tsiri kamar faɗin tafin hannu. Kowane jagora ya san wurin, kuma kowa ya san a nan ake ƙara cewa a sunkuya. Ni kuwa sai na ce, da muryar da ake nuna wa mutum shagon shayi, "Baba, ga ta can."

Ya ɗago, ba shiri. Yana ta rarraba ido yana tambaya ina, wace. Jakar takalmansa ta zame, ya sunkuya ya ɗauka, wani ya bangaje shi. Da ya miƙe sai idonsa ya sauka a kan tsirin, ya tsaya. Ya dube ni ya ce, "Ita ce?" Na ce ita ce. Ya ce, "Na riga na gani ke nan?" Na ce ya riga ya gani.

Bai yi fushi ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Da ka bari na shirya, ɗana."

Muka ƙarasa. Na jera su, na ce su ɗago, kowa ya ɓarke da kuka. Shi ma ya ɗaga hannu, leɓɓansa suna motsi, amma idonsa a bushe, yana kallon na kusa da shi. Ya yi ɗawafinsa, ya yi aikin Hajjinsa cikakke, ya koma gida. Ban san ko ya yi addu'ar ba, ban san ko mece ce ba. Ina roƙon Allah Ya karɓa masa ita ninki, domin ba shi ya ɓata ba.

Wani daga cikin tawagar ya kai wa Baffa labari. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko mantuwa ce. Na ce gajiya ce, tawaga ta uku ke nan a ranar. Ya ce bai tambaye ni gajiya ba. Ya karɓe tutar daga hannuna, sauran kwanakin aikin a wurin lodin jakunkuna na ƙare su. Abin da ya ce kawai shi ne, an ɗauke mu ne mu kai mutum, ba mu gane masa ba.

Shekara da shekaru ina ce wa kaina gajiya ce. Sai ranar Juma'a, da kika ce me ya rage ki gani, na ji muryar tsohon nan a bakinki.

Ki fahimce ni da kyau, ba ina haɗa Ɗakin Allah da kufan masu bautar wanin Allah ba ne. Allah Ya tsare ni, tsakaninsu babu haɗi ta kowace fuska. Can za ki je ne ki ga aikin hannun mutane da yadda kurmi ya cinye shi, ki ɗauki izina, ba ibada ba. Abin da nake haɗawa shi ne ni da ni. Hannun da ya nuna wa tsohon shi ne ya baza miki hotuna a kan leda, kuma dalilin ɗaya ne.

Jiya da safe, bayan na ba Ummanku labarin, na roƙe ta wani abin da ya sa ta dube ni sama da ƙasa. Na ce ta raka ni Harami, in sunkuyar da kai tun daga ƙofa, ita ta ja ni. Ta ce ita dai ta auri mai hankali, ba ta san lokacin da aka musanya mata ba, amma ta ɗauko mayafi. Na riƙe gefen abayarta, idona a kan marmara. Tana tafe tana cewa in yi a hankali kada in taka ta, tsoho da wasan yara. Ta kai ni har inda babu abin da ya tare, ta tsayar da ni, ta bari na numfasa kamar yadda na koya mata, ta ce in ɗago. Na ɗago. Na yi addu'a, na gode wa Allah, ganinta kullum ni'ima ce. Amma tun kaina yana ƙasa na san taku nawa ya rage, na san ta wace kusurwa za mu ɓullo. Abin da na je nema ba ya nan. Sau ɗaya ake ba mutum shi, kuma wanda ya rasa ba a sake masa. Ummanku ba ta tsokane ni a hanyar dawowa ba, wannan ma ya ishe ni amsa.

Naki yana nan, Ummi, duk da na gutsure shi. Hotunan da na nuna miki ba zan iya zare su daga idonki ba. Amma hoto ba ya da wari, ba ya da zafi, ba ya da ƙara, kuma akwai guda ɗaya da ban kai ga fitarwa ba kafin ki yi magana, wanda ya fi su duka. Ba zan gaya miki ko na mene ne ba. Kada ki nema a waya. Daga bakin shiga zuwa babban filin tafiya ce a ƙasa ta cikin itatuwa. In jagoranku ya ce an kusa, ki gaya wa Munir ya shige gaba, ki dafa kafaɗarsa, ki dubi ƙafafunki. Dama a kurmi kallon ƙasa shi ne tsaro, ba wanda zai ce kin yi wauta. Ki bari sai ya tsaya ya ce ki ɗago. Shi zai riga ki gani, na sani, wani dole ya kalli hanya. Ki ba shi haƙuri a madadina, har da na gyaran da na yi masa a gaban Hajiya.

Fayil ɗin na ba Ummanku, ta kulle a akwatinta na ƙarfe, makullin yana wuyanta. Na ce kada ta ba ni sai kin dawo, ko na roƙa. Ta ce ko ban faɗa ba.

Ba zan yi miki ƙaryar cewa ƙyashin ya tafi ba. Yana nan. Ranar da na san kuna can zan ƙirga awa tara baya, in ce yanzu sun shiga, yanzu tana tafe, kuma zai ci ni. Wannan nawa ne, ni zan ji da shi, ina neman tsari daga sharrinsa safe da yamma don kada ya taɓa ki. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki turo mini hoto daga can, ina da su fiye da ɗari biyu. In kin dawo ki zauna a gabana ki ba ni labari da bakinki, da Hausarki mai ɗingishi, ki faɗi tsayin da kika ga dama da shekarar da kika ga dama. Ba zan gyara miki ko ɗaya ba. In kin ga leɓena yana motsi, Ummanku tana kusa, ta san abin da za ta yi.

Ki zo ranar Juma'a mu ci abinci kafin ku wuce Jidda. Za a ci shi da zafinsa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki fita lafiya ki shiga lafiya. Ya kare ki daga abin da ke tafiya da ciki da abin da ke tashi sama, daga santsin dutse da ruwan da ba a sani ba, da idon kowane mai ƙyashi, na nesa da na gida. Na ba Allah ajiyarki, ke da mijinki. Ki yafe wa mahaifinki.

Wassalam,
Abuyanki